Bisoprolol: abin da na gani cikin shekara guda da mahaifiyata take shan sa

Lokacin da likitan zuciya ya rubuta wa Hajiya bisoprolol, raina bai kwanta ba. Matar da aka ce zuciyarta ta gaza turo jini yadda ya kamata, wadda ƙafafunta suka kumbura har takalminta ya daina shiga, wadda ba ta iya barci sai an tara mata matashi uku a baya, ita ce kuma za a bai wa maganin da takardar cikin kwalinsa ta ce yana rage gudun bugun zuciya. Na tambayi likitan kai tsaye ko ba ƙara mata rauni za a yi ba.

Bayanin da ya yi mini shi ya sa na rubuta wannan sharhi. Jikin mutum yana da sinadarai biyu, adiranalin da noradiranalin, waɗanda ke fitowa daga jijiyoyi da kuma wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda. Su ne ke sa zuciya ta yi ta dukan uku-uku idan mutum ya firgita, domin suna manne wa wasu ƙofofi da ke jikin tsokar zuciya, waɗanda ake kira beta-1, sai bugun ya ƙara sauri da ƙarfi. Idan zuciya ta fara gazawa, jiki yakan ɗauka hatsari ne ya taso, sai ya riƙa kwararo waɗannan sinadarai dare da rana ba hutawa. Da farko dabarar tana taimakawa, amma idan aka ɗauki watanni a haka sai tsokar ta gaji, ƙofofin su ragu, ƙoda ta riƙa riƙe gishiri da ruwa, bugun kuma ya fara rikicewa. Tamkar jaki ne da kaya ya yi wa yawa, mai shi yana ta zuba masa sanda maimakon ya sauke masa wani abu. Aikin bisoprolol shi ne ya tsaya a bakin waɗannan ƙofofi, ya rage yawan sandar da ke isa ga zuciyar.

Ashe su ma likitoci sun daɗe suna da irin tsoron da na yi. Tun da masanin haɗa magunguna James Black ya ƙirƙiro propranolol, wani magani mai tsare waɗannan ƙofofi kamar bisoprolol, a shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1988, an ɗauki shekaru ana hana masu gazawar zuciya wannan rukunin magunguna, har sai da wasu likitoci a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin suka fara gwada su a 1975. A 1999 aka wallafa sakamakon wani babban gwajin bisoprolol mai suna CIBIS-II, wanda ya ƙunshi marasa lafiya 2,647, kuma bisoprolol ya rage mace-mace da kusan kashi 34 cikin ɗari, abin da ya sa aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa domin kada a ci gaba da hana maganin ga waɗanda ba a ba su shi ba a cikin gwajin.

Makonni uku na farko sun yi mana wuya, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa suke jefar da maganin. An fara mata da miligiram 1.25 sau ɗaya a rana, tare da maganin sa fitsari da na hawan jini, amma duk da ƙanƙantar ƙwayar sai kasala ta rufe ta, tafin hannunta ya yi sanyi, jiri kuma yakan ɗebe ta idan ta miƙe daga sujada da sauri. Wata safiya ta ture kofin ruwan ta ce mini, "Ni dai wannan ƙwayar taku kashe mini jiki take yi." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri zuwa ranar asibiti, kada mu tsayar da kanmu." Likitan ya riga ya gargaɗe mu cewa daina shan sa kwatsam yana iya sa bugun ya yi tsalle ya jawo abin da ake gudu. Kowace safiya nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta ina kallon agogon bango har minti guda ya cika, in rubuta a bayan kalanda, da sharaɗin in ya sauka ƙasa da 50 mu koma asibiti.

Aibin da na gani ba a ƙwayar yake ba, a wajen samunta yake. Kemis ɗin unguwarmu na miligiram 5 da 10 kaɗai yake ajiyewa, sai da na shiga cikin gari na samo na 2.5 muna raba shi biyu da reza, rabin ma wani lokaci ya farfashe. Kuɗinsa kuma ya tashi fiye da sau ɗaya a cikin shekarar. Ya kamata masu asma da masu ciwon suga su sanar da likita tun farko, domin yana iya tayar da ƙuncin numfashi, yana kuma iya ɓoye alamun saukar suga.

An riƙa ƙara mata adadin a hankali, ba a taɓa ƙarawa ba sai an bar aƙalla mako biyu a tsakani, har ta tsaya a miligiram 5, domin da aka gwada haurawa sai jirin ya dawo. A wajen wata na huɗu ne muka ga canji na gaske: bugunta da ke kai 104 tana zaune ya sauko tsakanin 62 da 68, matashi ɗaya ya ishe ta barci, kuma hoton zuciya na biyu ya nuna tsokar ta ƙara ƙarfin matsawa. Da azumi ya zo, likita ya amince ta riƙa shan sa da sahur tunda sau ɗaya ne a rana. Yanzu da ƙafarta take zuwa gidan ƙanwarta da ke bayan masallacin Juma'a, tana hutawa sau ɗaya a hanya.