Ƙafar kaza da allira biyu: aikin launi ne ko aikin saƙa?

Malam, ga tambayarka kamar yadda muka fahimce ta. Wani tela a kasuwar Maradi ya kawo maka ƙyallen yadin kwat, baƙi da fari, mai zanen nan da Faransawa ke kira ƙafar kaza, yana son ka saƙa masa irinsa, kai kuma masaƙarka allira biyu gare ta, wato abin da ke ɗaga zaren tsaye idan an taka. A nan zauren wasu sun ce jera launin zare kawai za ka yi, wasu sun ce sai ka sake masaƙa. Kowa ya faɗi nasa daidai, sai dai bai kai ƙarshen zance ba.

Tushen abin ɗaya ne. Duk inda zaren wadari, wato na tsaye, ya gamu da zaren ƙoshiya, wato na kwance, ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa, ido kuwa na saman kaɗai yake gani. Allira ce ke yanke wanda zai hau. Wadari da kwarkwaro, wato abin da ake naɗa zaren ƙoshiya a kai, su ke yanke launin wanda ya hau ɗin. Saboda haka hanya biyu ce ta fitar da zane, kuma ƙyallen telan nan ya bi duka biyun.

Zanen da launi ke fitarwa

A nan allira biyu ta isa, saƙar kuwa ita ce wadda ka saba: zare ɗaya sama, ɗaya ƙasa, a taka a juya. Idan launi yana cikin wadari kaɗai, ratsi zai bi tsawon falle, kamar barage. Idan yana cikin ƙoshiya kaɗai, ratsi zai gitta, kamar luru. Wannan kowa ya sani. Inda abin yake da daɗi shi ne idan ratsin ya ƙanƙance ya koma zare ɗaya ko biyu, a wadari da ƙoshiya duka. A nan ido ya daina ganin ratsi, sai wani zane dabam ya fito wanda ba ka jera shi ba.

Ɗauki baƙi ɗaya, fari ɗaya, baƙi ɗaya, fari ɗaya a wadari. Duk baƙaƙen za su faɗa allira guda, farare su faɗa ɗayar. Ka jefa baƙin zare kaɗai a ƙoshiya, za ka sami baƙar saƙa mai ɗigo-ɗigon fari, domin farin na fitowa ne a kashi ɗaya cikin huɗu na mahaɗan. Dangin saƙi ke nan, mai kama da jikin zabo, wanda iyayenmu suka yi manyan riguna da shi ba tare da sun ƙara allira ko ɗaya ba.

Yanzu ka sa ƙoshiya biyu, baƙa da fara, kana musanyawa. Idan ka jefa baƙa lokacin da baƙaƙen wadari ke sama, layuka sirara za su fito a kwance. Idan ka jefa ta lokacin da farare ke sama, layukan nan za su miƙe tsaye. Zare ɗaya, wadari ɗaya, tako ɗaya kawai ka saɓa, zane ya juya gaba ɗaya. Mai hankali kan mayar da wannan abin amfani: a wadari ya jera baƙi, fari har zare shida, sannan ya juya ya fara da fari, ta yadda farare biyu za su haɗu a iyaka. A ƙoshiya ma bayan jifa shida ya maimaita launi guda sau biyu. Abin da ke fitowa gida-gida ne, wani gida layinsa a tsaye, na kusa da shi a kwance, kamar saƙar tabarma. Wanda bai sani ba zai rantse allira huɗu aka sa.

Wanda ya fi kusa da abin da telanka ke so shi ne biyu-biyu: baƙi biyu, fari biyu a wadari, haka ma a ƙoshiya. Ka ɗauki kaye mai gida-gida irin na ƴan makaranta ka cika shi da bik, B baƙi, F fari:

B B F B B B F B
B B B F B B B F
B F F F B F F F
F B F F F B F F

Ka maimaita layukan nan huɗu sau biyu ko uku, ka nisanta kayen da ido. Za ka ga ɗan baƙin gida mai hannaye huɗu suna juyawa kamar farfela. Ƙanin ƙafar kaza ke nan, kuma da kayan da ke gabanka yau za ka iya saƙa shi.

Zanen da saƙa ke fitarwa

A nan launi na iya zama ɗaya tak. Shadda ce babbar shaida. Fara fat ake saƙa ta, amma furen na nan, domin a wani wuri zaren tsaye ne ke shimfiɗe a sama, a wani wurin zaren kwance, haske kuma ba ya dukan su iri ɗaya. Rinin da ake yi mata daga baya ba ya ƙara fure, ba ya ragewa. Irin wannan saƙa sai injin Jakar, wanda aka fito da shi a birnin Liyon na Faransa a 1804, mai ɗaga kowane zare shi kaɗai. Ba aikin masaƙa irin taka ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Atamfa kuma ba ta cikin wannan zance ko kaɗan, buga zanenta ake yi a kan farin yadi.

Wanda ya shafe ka shi ne saƙa mai layi a karkace. Juya wandon jins ka duba: gabansa shuɗi, bayansa fari-fari. Zaren tsayensa rinanne ne, na kwance fari, kuma na tsayen yakan haye uku ya nutse ƙarƙashin ɗaya, kowane jifa yana gusawa da zare guda. Shi ya sa shuɗi ya mamaye gaba, farin ya koma baya, layi kuma ya kwanta a karkace. Yadin kwat yakan zama biyu sama, biyu ƙasa, gaba da baya kusan ɗaya. Wannan allira huɗu yake so. Zaren wadari na shiga allira ta 1, ta 2, ta 3, ta 4, a sake komawa ta 1. A wajen tako ana ɗaga 1 da 2, sai 2 da 3, sai 3 da 4, sai 4 da 1.

Akwai kuma ƙarin zare, irin na bargon tera-tera na Zabarmawa, inda ake tsinto zaren wadari a cusa zare mai launi a kan saƙar ƙasa. Yana da kyau ƙwarai, amma wani fanni ne, kuma ba zai ba ka yadin kwat ba.

To ƙyallen telan fa?

Ƙafar kaza ta ainihi baƙi huɗu ne, fari huɗu, a wadari da ƙoshiya, a kan saƙar biyu sama biyu ƙasa. Ka jera huɗu-huɗun nan a allira biyu ka ga abin da zai faru. Inda baƙi ya gamu da baƙi, baƙin gida. Inda fari ya gamu da fari, farin gida. Inda suka gauraya, ɗigo-ɗigo ne mai kama da toka. Gida-gida ka samu, mai kyau, amma babu farce. A allira huɗu gidajen baƙi da na fari ba su canza ba, gaurayayyun ne suka canza: maimakon ɗigo, sai su zama layuka a karkace masu kaurin zare biyu, waɗanda ke manne da kusurwar baƙin gida. Su ne yatsun kazar. Ke nan masu cewa launi sun yi gaskiya, domin in babu huɗu-huɗu babu zanen. Masu cewa masaƙa ma sun yi gaskiya, domin in babu karkatar babu yatsun.

A wajen aiki ga yadda suka bambanta. Hanyar launi ba ta cin kuɗin kaya, lissafi take ci a ranar wadari, kuma yadin na fitowa da ƙarfi, ya miƙe, ya dace da riga da zanen ɗaurawa. Hanyar allira huɗu tana son sabbin allira, ƙarin mataka, sake ɗaurin sama, da ƙafar da za ta koyi sabon tako. Yadinta ya fi laushi da nauyi, yana zubowa a jiki, shi ya sa ake kwat da shi. Tana kuma cin zare fiye da ɗayar.

Ga lissafin. Naɗa zarenka a jikin rula, zare na taɓa zare, ka ƙirga nawa ya cika santimita ɗaya. A ce 24. Saƙar allira biyu rabin wannan take so, wato zare 12 a santimita. Ta karkace kashi biyu cikin uku, wato 16, domin zaren ba ya yawan sarƙewa, in ka bar shi 12 yadin zai yi sako-sako. Falle mai faɗin santimita 10 ke nan zare 120 a ta farko, 160 a ta biyu. Ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma saboda shigewar baki da tsukewar wanki: 132 da 176. Lura cewa 132 na rabuwa da huɗu, 176 na rabuwa da takwas. Wannan ba ado ba ne. Falle ya fara da baƙi ya ƙare da fari, don idan aka haɗa shi da ɗan'uwansa zanen ya ci gaba. In ya fara da baƙi ya ƙare da baƙi, kowane ɗinki zai fito da ratsi mai kauri tun daga wuya har ƙasa. Matsefi ma, abin da ake buga zaren ƙoshiya da shi, sai ka duba shi, wanda ya ɗauki 12 ba lalle ya ɗauki 16 ba.

A zare 12, farfelar biyu-biyu ba ta wuce milimita uku da ɗoriya ba, daga nesa sai ta zama toka-toka. Idan telan na son ta fito, riɓanya zaren: ka jera huɗu-huɗu amma ka sa zare biyu a kowane idon allira, ka kuma naɗa zare biyu tare a kwarkwaro. Zanen na nan yadda yake, girmansa ya ninka. Yadin zai ƙara kauri, ya ɗan rage ƙarfi.

Abin da ke ɓata aikin

Na farko, kuma shi ya fi yawa a wurinmu: zaren wadari da na ƙoshiya ba kauri ɗaya ba. Mun saba da siririn zare mai murɗi a tsaye, abawa mai kauri a kwance. Ga luru wannan daidai ne. Ga irin wannan zane kuwa abawa za ta binne wadari, ratsin gitta kaɗai za ka gani. In kuma wadarin ya yi cunkoso, shi zai binne ƙoshiya. Zare iri ɗaya za ka sa a duka biyun, kuma jifa nawa a santimita ya zo daidai da zaren wadari nawa a santimita. Ka buga matsefi da ƙarfi har jifa ya kai 16 a kan wadari 12, farfelar za ta baje kamar an zauna mata. Ka riƙa aunawa da rula bayan kowane taƙi, musamman idan ka ja kunkuru, abin da ke riƙe wadari a miƙe, ko ka sake masa dutse, domin ɗaurin wadari na canza yadda zare ke kwanciya.

Na biyu, launi. Ja da kore a ido sun bambanta, amma duhunsu kusan ɗaya ne, in suka shiga zare biyu-biyu sai su narke su zama ruwan ƙasa. Ka ajiye zarurrukan biyu kusa da juna, ka ɗauke su hoto da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari. In ba ka iya raba su ba, zanen ba zai fito ba. Shi ya sa baƙin shuni da fari ba su taɓa ba masaƙi kunya ba. Sai dai zaren da ya fito daga marina a wanke shi har ruwa ya fita garau kafin wadari, in ba haka ba wankin farko zai mayar da farin shuɗi-shuɗi. Kada kuma ka haɗa baƙin zaren roba da farin auduga: audugar za ta tsuke, robar ba za ta tsuke ba, yadin ya yi ƙududdu.

Na uku, kuskuren ƙirga. Zare ɗaya ya ƙaru ko ya ɓace a wadari, zanen zai juya daga wurin har ƙarshen falle, kuma tako ba ya gyara shi. Da hunturu, lokacin da auduga ke bushewa tana tsinkewa, ka ƙulla zaren da ya tsinke nan take da launinsa, a idon allirarsa.

Sai bakin falle. Ƙoshiyar da ke hutawa tana barin zarenta a gefe. Ka riƙa ratsa mai aiki ta ƙarƙashinsa don ta riƙe shi, kada ya yi lilo. A allira huɗu kuma wani lokaci zaren ƙarshe ba ya kamuwa, sai ka fara jifa daga ɗaya gefen.

Shawararmu, kada ka taɓa masaƙarka tukuna. Yi ƴan gajerun wadari biyu, ka saƙa taƙi biyu na biyu-biyu, taƙi biyu na riɓanyayye, ka wanke, ka shanya, ka kai wa telan tare da ƙyallensa, ku ajiye su gefe da gefe ku ja baya taku uku. In ya ce sai mai yatsun, ka gaya masa allira huɗu ce, zaren zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, kuma fallen farko na koyo ne, a sa shi cikin ciniki.