Shekara guda da kwamfutar gem da na haɗa da hannuna a Kano

Tun ina sakandare nake zuwa gidan gem na unguwarmu, in biya kuɗi in bi layi, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba. Burina tun lokacin shi ne in samu tawa a ɗaki. Da Allah ya hore, sai na ga gara kwamfutar tebur a kan PlayStation, saboda da rana ina lissafin shago da ɗan aikin zane a kanta, da dare kuma ta koma ta wasa. Yanzu ta shekara guda da 'yan watanni, ta ci bazara, ta ci damina, ta ci hunturu, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Abin da ke cikinta ba na gani-na-faɗa ba ne. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600 ce ta kamfanin AMD, madabod B550 (allon da ake jona duk kayan a kai), RAM (ma'ajiyar wucin gadi) giga 16, katin hoto Radeon RX 6600 mai giga 8, ma'ajiya SSD ta NVMe tera 1, akwatin wuta (mai raba wa kayan ciki lantarki) mai wat 550, sai monita inci 24 mai 144Hz, wato tana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa. Wasu kayan na same su a titin Beirut, wasu kuma wani abokina ya turo mini daga Computer Village da ke Ikeja.

Inda na fi daɗewa ina kai-kawo shi ne katin hoto. Duk bidiyon da na kalla a YouTube Turawa ne ko mutanen Amurka ke magana, kuma abin da ya dame su shi ne wane kati ne ya fi gudu. Babu wanda ya taɓa tambayar me zai faru idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, domin su ba su san wannan ba. Ni kuwa da inbata mai batir biyu nake rayuwa, ita ke riƙe fanka da fitilu da firij ƙarami. Zaɓina ya tsaya tsakanin RTX 3060 ta Nvidia da RX 6600. Ta farkon tana da giga 12, tana da DLSS, fasahar Nvidia da ke ƙara wa wasa gudu, kuma ta fi kyau ga mai yaɗa wasansa kai tsaye a intanet. Amma wat 170 take ci, ita kuwa RX 6600 wat 132. A takarda bambancin wat 38 ba ya cika ido. A kan batir, cikin dare, ga fankar sama tana juyawa, wannan bambancin shi ne tsakanin ka gama gasarka da ka ji inbata ta fara kuka. Ga shi kuma RX 6600 ta fi sauƙin kuɗi a lokacin da na saya, bayan darajar naira ta faɗi tun tsakiyar 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo.

Ban yi nadama ba. A girman hoto na 1080p, wasan ƙwallon EA Sports FC yana tafiya sumul fiye da abin da idona ke buƙata, GTA V da Forza Horizon 5 kuwa a saitin sama nake buga su ba tare da sarƙewa ba. Na sayi ɗan mita na soket na auna, kwamfutar duka har da monita tana ci tsakanin wat 230 zuwa 270 idan wasa ya yi zafi. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, wannan kati ba na hoton 4K mai ninka 1080p sau huɗu ba ne, kuma idan ka kunna fasahar bin hasken nan da ke sa inuwa da ruwa su yi kamar na gaske, gudun zai ragu sosai. Giga 8 ɗin ma sababbin wasanni sun fara cika shi idan aka ɗaga saiti har ƙarshe. Ni ƙwallo da tseren mota ne rabin rayuwata, shi ya sa bai dame ni ba.

Wani ɗan kasuwa ya so ya sayar mini da kati na hannu mai ƙarfi fiye da wannan a farashi mai jan hankali. Ya ce, "Malam, wallahi fes yake, ko wata uku bai yi ba." Na ƙi, ba don na ƙaryata shi ba. Tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a watan Satumba na 2022, katunan da suka kwana suka wuni suna aiki shekara da shekaru suka cika kasuwannin duniya, kuma da ido ba ka bambance su. Wanda zai sayi na hannu ya sa a kunna masa a gabansa, a sa wasa mai nauyi ya yi kamar rabin awa, ya duba zafi da ƙarar fankoki.

A kan furosesa da yawa sun ba ni shawarar 5600G, wai tana da nata hoton a ciki, ko kati ya lalace ba ka tsaya ba. Maganar tana da ma'ana, amma ma'ajiyar gaggawarta mega 16 ce, ta 5600 kuwa 32, kuma wasanni suna jin wannan. Sannan a hanyar da ke haɗa furosesa da kati, wato PCIe, 5600G a 3.0 ta tsaya, alhali RX 6600 layi takwas kawai take amfani da su, don haka ta fi sakewa a PCIe 4.0 wanda 5600 da B550 ke ba ta. Sai dai a kula, tunda 5600 ba ta da hoto, dole wayar monita ta shiga bayan kati, ba bayan madabod ba. Wani maƙwabcina da ya haɗa irin tawa ya kwana yana zaton an sayar masa da matacciya, ashe wannan ce kawai matsalar.

RAM guda biyu na saya masu giga 8 kowanne, gudun 3200, na sa su a rami na biyu da na huɗu, na shiga BIOS, wato saitin madabod, na kunna XMP da ke sake musu gudu, in ba haka ba a ƙasa da gudunsu za su zauna. Monita ma sai ka shiga saitin Windows ka mayar da ita 144Hz da kanka.

Kuskuren da ya ci mini kuɗi a akwatin wuta na yi shi. Kuɗina sun kusa ƙarewa, sai na ɗauki wani mai arha wanda aka rubuta wat 650 a jikinsa, ba shi da nauyi a hannu, sunan kamfanin ma ban taɓa jin sa ba. Mako uku ya yi. Wata ranar Asabar aka kawo wuta da ƙarfi, na ji ƙara kamar an fasa leda, ƙaurin waya ya cika ɗaki. Gabana ya faɗi, don na san abin da na zuba a cikin wannan kwamfuta. Washegari na kai wa wani mai gyara, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Ya gwada kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Yaro, Allah ya rufa maka asiri, shi kaɗai ya tafi. Amma ka sa doki a turken kara." Ya nuna mini cikin wanda ya ƙone, rabinsa fili ne. A ranar na ranci kuɗi na sayi mai wat 550 na sanannen kamfani, mai shaidar tattalin wuta ta 80 Plus Bronze da garanti a rubuce. Lambarsa ta fi ƙanƙanta, nauyinsa ya kusa ninka na farko. Na haɗa da sitabilaiza, kuma shi dattijon ne ya gaya mini irin waɗannan akwatunan na zamani sun fi son inbata ko UPS (na'urar riƙe wuta idan an ɗauke) mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta NEPA, ba mai arhar nan da ke sa fanka gurnani ba. Tun daga ranar kwamfutar ba ta sake mutuwa a hannuna ba, ko a kan janareto.

Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40, ɗakina kuma ba na'urar sanyaya ɗaki. Gidan kwamfutar da na fara so mai gilashi ne gaba da gefe, da fitilu masu launi, kyakkyawa ƙwarai. Na bar shi na ɗauki mai raga a gaba, fanka biyu suna jawo iska, ɗaya tana fitarwa ta baya. Fankar da ta zo da furosesa ta yi mini hidima har ƙarshen hunturu, amma da bazara ta kama, iskar ɗakin kanta ta zama mai zafi, sai na sa mata mai tsayin nan da ke da bututun tagulla huɗu. Zafin ya sauka da kusan digiri goma sha biyar, ƙarar ma ta ragu har nakan manta tana kunne. Da hunturu kuwa raga tana toshewa cikin mako biyu, jar ƙura lif a jikinta. Nakan cire in kakkaɓe, sau ɗaya a wata in hura cikin da bulowa, ina riƙe fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima. Ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan tebur ma ya rage ƙurar sosai.

Abin da ban lissafa ba tun farko shi ne data. Manyan wasanni da yawa sun haura giga 100, kuma kafin ka gama murna an turo sabuntawa. Tera 1 ya cika da wuri fiye da zatona, kuma yawancin saukewa da tsakar dare nake yi.

Wanda zai fara yau yana da kuɗi a hannu, ya duba AM5, mazaunin furosesa na AMD da ya fito a 2022, ko da yake RAM irin DDR5 kaɗai yake karɓa. Ni dai mazaunin AM4 da ke kan madabod ɗina, wanda ke nan tun 2016, bai gama yi mini amfani ba. Wannan madabod ɗin zai ɗauki Ryzen 7 5700X3D idan na sabunta BIOS, ba sai na canza RAM ba, sai dai ita wat 105 take ci, fiye da ta yanzu, kuma sai na ƙara batir kafin in yi wannan tunanin. Ƙanena ya riga ya sa ido a kan 5600 ɗin. Jiya ma da ya zo buga ƙwallo sai da ya ce, "Yaya, in za ka cire ta dai kada ka kai kasuwa, ni zan fara tara kuɗin madabod."