Silindar bakho ta fara yoyo: sil za ka saya, rod za ka canza, ko silinda sukutum?

Duk mai katafilar nan mai shebur a gaba da bokitin haƙa a baya, wadda 'yan aiki ke kira bakho, JCB 3CX ce ko CAT 428 ko Case 580, ya san irin wayar da afareta kan bugo daga wurin aiki: "Maigida, bum yana sauka da kansa," ko kuma "mai yana bin rod yana zuba." Bum shi ne babban hannun da ke ɗauke da bokitin, silinda ce ke ɗaga shi da ƙarfin mai, rod kuwa sandar ƙarfen da ke shiga da fita a bututun silindar. Daga nan hanya huɗu ce a gabanka. Ko ka sayi sil kaɗai, wato zoben robar da ke hana mai kurɗawa, ko ka gyara rod da bututun silindar a wajen mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ko ka ɗauko silinda 'yar Beljiyam, ko ka sayi sabuwa fil. Kowacce tana da inda ta dace. Abin da ke cin kuɗin mutane shi ne zaɓa kafin a buɗe silindar a ga abin da ya kashe sil ɗin farko, domin sil ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba.

Kafin ka fitar da ko naira ɗaya, tabbatar silindar ce ke da laifi. Idan komai na motar ya yi sanyi, bum da bokiti da shebur duk suna jan jiki, musamman bayan mai ya ɗau zafi, to ka ƙyale silinda tukuna, a duba famfo da babban bawul mai kayyade ƙarfin mai da filta. Silinda ɗaya ba ta sa mota duka ta yi lalaci. Idan kuwa hannu ɗaya ne ke sauka da kansa, abu uku ake zargi: sil ɗin fistin, wato ƙarfen da ke kan rod a cikin bututu wanda mai ke turawa, ko sandar kwantirol bawul da ta cinye, ko ƙaramin bawul ɗin kariya da ke kan layin wannan silindar. Masu motoci da yawa sun canza sil sau biyu, bum bai daina sauka ba, ashe mai ta cikin bawul yake komawa tanki.

Gwajin ba shi da wuya. A tura rod ya fita har ƙarshe, a jingine kayan a ƙasa, a kashe inji, a kaɗa libobi don a sauke ƙarfin da ya saura a layi. Sai a kwance tiyon da ke ɓangaren rod, a toshe bakin tiyon da murfin ƙarfe, a bar ƙofar silindar a buɗe. A tayar da inji, a ci gaba da tura liba ta wajen fitar da rod. In mai ya riƙa kwararowa daga wannan ƙofa, sil ɗin fistin ya tafi. In ɗan ɗigo ne kawai ya tsaya, a koma kan bawul. Sai dai gwajin yana da makanta guda: a ƙarshen bututu kawai yake gani, alhali bututun da ya kumbura ko ya ƙarje yawanci a tsakiya yake yin haka, inda fistin ya fi kai-komo. Don haka bakanike mai lura yakan bar mota ta yi aiki, sannan ya bi jikin silindar yana neman inda ya fi sauran zafi, domin man da ke kurɗawa ta gefen fistin yana haifar da zafi a daidai wurin.

A nan dole in tsaya kan maganar rai. Waɗannan motoci suna aiki da ƙarfin mai tsakanin 200 zuwa 250 a ma'aunin matsi da ake kira "ba". A kan fistin mai faɗin milimita 100, ba 250 ya kai nauyin tan 20 ko kusa da haka. Kada wani yaron gareji ya shafa tiyo da hannu yana neman inda yake yoyo, kwali ake karawa. Man da ya fito ta ƙaramar huda yana ratsa fata, a ga ɗan tabo kamar ba komai, a ciki kuwa nama yana lalacewa. Wanda abin ya samu asibiti za a kai shi a take, a gaya wa likita man haidirolik ne ya shige shi, saboda aikin tiyata ne. Kuma ba a shiga ƙarƙashin shebur ko bum da mai ne kawai ke riƙe da shi, sai an sa ƙarfen tokara.

To, an tabbatar silinda ce, an buɗe. Zaɓi mafi sauƙin kuɗi shi ne sil, kuma shi kaɗai ya isa idan rod yana sheƙi babu tabo, bututu sumul, sil ɗin tsufa kawai ya yi. Ka bi rod da farce daga sama har ƙasa. Duk inda farcenka ya maƙale, nan ne zai yanka sabon sil. Sannan a ɗora rod a kan mazauni biyu, a juya shi da agogon awo a jiki. Abin da aka saba yarda da shi shi ne lanƙwasar da ba ta wuce rabin milimita a kowace mita ba. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa "ai a miƙe yake" ba hujja ba ce. Tsohon sil ɗin ma yana ba da labari in an dube shi. In gefe ɗaya ya cinye, rod ya lanƙwashe ko fin da bushin da ke riƙe da ita a jikin mota sun yi sako-sako suna karkata silindar. In ya bushe yana tsagewa, zafin mai ne, kuma mai da ya wuce digiri 80 yana ƙona yawancin sil. In ya yi zane-zane a tsaye, ƙasa ce a cikin mai. In ya yi baƙi kamar an ƙona shi da wuta, iska ce ta maƙale a silindar, aka matse ta ta yi zafi ta babbake shi.

Wajen sayen sil ɗin kuwa, a nan kasuwa ta fi rikitarwa. A Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, za ka samu kala uku: na kamfanin da ya ƙera motar, na kamfanonin da sana'arsu yin sil irin su Hallite da NOK da Parker, sai kuma wanda ba a san asalinsa ba, sau da yawa cikin ledar da aka buga wa sunan babban kamfani. Na biyun ba shi da aibu in na gaske ne, galibi ma irinsu ne ke yi wa masu ƙera motocin. Na ukun nake tsoro, domin kuɗin sil ɗin shi ne mafi ƙanƙanta a duk aikin. Kuɗin bakanike, man da zai zube, da kwanakin da mota za ta zauna ba ta kawo kuɗin haya, duk sai ka sake biyansu in sil ɗin ya mutu. Ka sayi cikakken saiti, da sil ɗin ƙura na baki, da na rod, da na fistin, da zobban da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Mutane suna raina sil ɗin ƙura, alhali a ƙasarmu, da ƙurar hunturu da jan ƙasar da ake haƙa, shi ne ke tsaron ƙofa, in ya mutu sauran sun bi shi. Kada kuma a ruɗe ka da cewa sil na robar da ake kira Viton ya fi komai. Yana jure zafi har wajen digiri 200, amma a bakin rod inda ake gogayya, sil na foliyuriten ya fi shi daɗewa. Je kasuwa da lambar shasi da tsohon sil a hannu. JCB ta fara 3CX tun 1980, an sha canza awon silinda a tsawon shekarun nan, sunan mota kawai ba ya wadatarwa.

Idan rod ya ƙarje, ko kurom, wato rufin da ke sa shi sheƙi, ya fara ɓarewa, ko tsatsa ta yi masa ramuka, an shiga zaɓi na biyu, kuma a ganina nan ne mai mota ya fi samun riba in ya dace da mai tana na kirki. Kurom ɗin da ke jikin rod siriri ne ƙwarai, yawanci tsakanin maikiron 20 zuwa 50, bai kai kaurin gashin kai ba. Ɗan ƙarcen da bai ratsa shi ba ana iya goge shi da samfefa mai laushi sosai. Cike rami da walda ko gam a goge kuwa, dabara ce ta ƙarasa aikin yau a daji, ba gyara ba ne, kada ka biya kuɗin gyara a kansa. Sake yin kurom yana da kyau in an samu wurin da za su cire tsohon, su niƙe rod ɗin, su sa sabo su sake niƙewa zuwa awo, amma wuraren da ke yin haka yadda ya kamata ba su da yawa, ga kuɗin kai da kawowa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sayi sandar ƙarfe da ta zo da kurom ɗinta daga masana'anta, mai tana ya yanke kan tsohon rod mai ramin fin, ya fitar da zare a sabuwar, a haɗa da walda. Tambayi irin ƙarfen. Na silindar bokiti, wanda duwatsu ke faɗo masa, ya kamata ya zama mai tauraren baya. Irin wannan tauraren rod ɗin kuma in ya lanƙwashe ban ba da shawarar a miƙe shi a injin matsi ba, yana iya tsagewa ko ya ɓalle ya ji wa mutum rauni. Dubi waldar kan da kyau: in an ɗora shi a karkace ko kaɗan, ka dawo inda ka fito.

Bututu ma haka. Zane mara zurfi ana share shi da dutsen goge ciki. In ya yi zurfi, ko bututun ya kumbura, gogewa sai dai ta ƙara masa faɗi har sil ya kasa kamawa. Sai a sa sabon bututu ko a bar silindar.

'Yar Beljiyam tana da daɗin sauri: ka saya yau, gobe mota tana aiki, kuma ƙarfen na asali ne. Matsalarta ita ce ba ka san dalilin da ya sa aka ciro ta ba, kuma sil ɗin cikinta ya daɗe a ajiye. Sabon fenti ba ya gaya maka komai. Sharaɗina a kanta shi ne a zaro rod gaba ɗaya a gabanka, in da hali a buɗe ta, kuma ka lissafa kuɗin sabon saitin sil a cikin farashinta tun daga farko. Rod da aka bari a waje a fili yakan yi tsatsa a ɓangaren da ke buɗe, mai sayarwa kuma yana iya tura shi ciki. A auna tsawonta daga fin zuwa fin a rufe, da nisan fitar rod, da kaurin rod da na fin, da zaren bakin tiyo, domin JCB da CAT ba zare ɗaya suke amfani da shi ba, tsofaffin motocin Amurka kuma da inci aka auna su. Silindar da ta fi taka tsawon fita da 'yan santimita tana iya sa bum ya bugi abin da bai kamata ba har ya tsaga walda. In mai shago ya ƙi a buɗe kuma ya ƙi yarjejeniyar mayarwa, wuce gaba.

Sabuwa ita ce mafi tsada, farashinta kuma yana bin dala. Daga wakilin kamfani, kamar Mantrac ga masu CAT, za ka samu garanti da tabbacin awo, wani lokaci da jiran a kawo. Tana da ma'ana idan rod da bututu duk sun tafi, ko motar ba ta tsufa ba kuma tana kan kwangilar da kowace rana ke da lissafi. Sababbi marasa suna da ake shigowa da su sun bambanta ƙwarai, akwai nagari akwai na banza. In za ka gwada, gwada a inda aikin bai tsananta ba, kada ka fara da bum.

Ko wanne ka zaɓa, akwai kuɗin da dole ka ware a gefe. Idan fistin ya ci bututu, ɓarɓashin ƙarfe ya riga ya bi mai ya zaga motar, sai an zubar da man, an wanke tanki, an canza filta. Ka sayi mai mai lamba 46 ko 68 gwargwadon abin da littafin motar ya ce, a durom ko jarka mai hatimi, ba na awo a bakin titi ba. Man da ya koma fari kamar madara ruwa ya shige shi. A canza fin da bushin da suka yi girgiɗi. Notin fistin a ɗaure shi da sifanar awo zuwa adadin da kamfani ya rubuta, da gam ɗin zare in an ce a sa, domin in ya kwance a ciki zai lalata sabon rod da bututu a yini ɗaya. Bayan an haɗa, afareta ya riƙa tura silindar a hankali, inji a ƙasa, ba tare da ya kai ta ƙarshe ba, sau da yawa, har iska ta fita, sannan a duba mai a tanki a ƙara kafin a sa bokiti a ƙasa.