Akwatunan Beatles guda biyar: wanne za ka saya, kuma yaya za ka tsira daga na jabu

Jama'a masu son tsofaffin waƙoƙin rock, daga 2017 zuwa 2022 Apple Corps, kamfanin Beatles, ƙungiyar mawaƙa huɗu 'yan Liverpool a Ingila, ya fitar da manyan akwatunan faifai biyar, kowanne na albam guda: Sgt. Pepper, White Album, Abbey Road, Let It Be da Revolver. Duka Giles Martin ne ya sake haɗa sautinsu, ɗan George Martin wanda shi ne furodusan yaran Liverpool ɗin tun asali. Kuɗinsu ba wasa ba ne, ga nauyi, idan daga Ingila ko Amurka za a turo maka kuɗin jirgi kaɗai sai ya sa ka yi tsaki. To in ɗaya kawai aljihunka zai iya ɗauka, ni dai ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, White Album na 2018 za ka saya.

Albam ɗin ya fito ne a Nuwamba 1968, waƙoƙi 30 a faifai biyu, kwalinsa fari fat babu hoto. Akwatin cikar shekara 50 kuma yana da CD shida da Blu-ray ɗaya, waƙoƙi 107 gaba ɗaya. Amma abin da ya sa nake fifita shi ba yawan ba ne, faifai na uku ne, wanda ake kira Esher Demos. A watan Mayu 1968, bayan sun dawo daga Rishikesh a Indiya inda suka rubuta yawancin waƙoƙin, sai suka taru a gidan George Harrison, mai jitar ƙungiyar, da ke garin Esher suka naɗi waƙoƙi 27 da jita marar lantarki, suna tafi, suna dariya, wani ya ɗauki murya wani ya amsa masa. Shekara da shekaru masoya suna jin waɗannan a kaset-kaset na bayan fage masu shuu da ƙara, sai a wannan akwatin aka fitar da su cikakku kuma tas. Wallahi duk wanda aka taɓa gaya wa cewa a 1968 mutanen nan ba sa ga maciji da juna, ya saurari faifan nan ya ji yadda suke wasa. E an yi rigima daga baya, har Ringo Starr, mai gangarsu, ya yi fushi ya bar su na kusan sati biyu a watan Agusta, amma a Esher abokai ne zaune a falo.

Sai sauran faifai uku na aikin sutudiyo, ɗauka 50, an jera su daidai da yadda aka yi aikin. A nan za ka ji yadda waƙa take girma, daga farkon gwaji zuwa abin da muka sani. Akwai Not Guilty ta George Harrison wadda suka yi mata ɗauka fiye da 100 kuma ƙarshe ba su sa ta a albam ɗin ba, abin da har yau yake ba ni haushi domin waƙar ta isa. Akwai Helter Skelter mai tafiya a hankali ta kusan minti 13. Masoya da yawa sun yi ƙorafi cewa me ya sa ba a saka mai minti 27 ɗin nan da ake ta labari ba, ni ma na so in ji ta, amma gaskiya wannan ba dalilin ƙin akwati ba ne. Littafinsa mai kaurin bango shafi 164 ne, takarda mai kyau, da hotunan rubutun waƙoƙi da hannunsu, ga hotunan mutum huɗun da babbar fosta kamar yadda aka saka a na asali, kuma kowane akwati da lambarsa a gaba.

Inda masoya suka rabu shi ne sabon haɗin sautin. Wasu sun ce Giles ya tura gangar Ringo da jitar bes ta Paul McCartney gaba da yawa, albam ɗin ya rasa ƙurarsa ta da. Wasu kuma, har da ni, muna ganin yanzu ne ake jin kowa a wurinsa. Aibin da zan yarda da shi guda ne, sautin mono na 1968, wato mai fita ta layi ɗaya ba hagu da dama irin na sitiriyo ba, a Blu-ray kawai aka saka shi, babu a CD, alhali White Album ne albam na ƙarshe da suka yi wa haɗin mono na musamman kuma ya bambanta sosai da sitiriyo. Don haka in ba ka da na'urar Blu-ray wannan ɓangaren ya wuce ka. In kuma kuɗin babban akwatin ya fi ƙarfinka, akwai ƙarami mai CD uku, albam ɗin da Esher, shi ma ya wadatar, haka masu son faifan garmaho akwai mai faifai huɗu.

Sauran fa? Sgt. Pepper na 2017 yana da kyau, shi ne na biyu a wurina, akwai mono a CD da fim da littafi mai shafi 144, sai dai Carnival of Light, wata ɗauka tasu da ba a taɓa fitarwa ba wadda mutane suka daɗe suna jira, ba ta ciki. Abbey Road na 2019 CD uku ne da Blu-ray, waƙoƙi 40, albam ɗin dama can sautinsa tsaf yake, sabon haɗin bai ƙara wani abin a zo a gani ba. Let It Be na 2021 faifayensa gajeru ne kuma babu cikakken wasan da suka yi a saman rufin ofishinsu a Landan, ka bar shi kawai sai in ka same shi da araha. Revolver na 2022 shi ne aka fi yabon sautinsa, domin an yi amfani da fasahar kwamfuta ta kamfanin Peter Jackson, mai shirya fina-finai, aka rarrabe kayan kiɗan da suke cure a layi ɗaya na tef, amma babu Blu-ray sam, kuma an ɓata CD guda sukutum a kan waƙoƙi huɗu. Ni wannan na ɗauke shi rainin hankali ga mai saye.

Yanzu ga maganar da ta fi duk wannan muhimmanci, domin zaɓen akwati mai kyau ba shi da amfani idan na jabu aka turo maka. Ni an taɓa cuta ta, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Akwatin Beatles na mono na 2009 na saya a intanet, fari mai CD 13, mai sayarwar ya saka hotunan na gaskiya, ya rubuta sabo ne dal a leda. Da ya iso, kwalayen sirara ne, hotunan dishi-dishi kamar an wanke su da omo, ƙananan rubutu ba sa karantuwa, faifai ɗaya yana tsalle. Na yi masa magana ya yi shiru, bayan ɗan lokaci shagon ma ya ɓace. Akwatunan 2009 ɗin nan, na mono da baƙin na sitiriyo, suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniyar CD, kuma masu wannan sana'a ba su tsaya nan ba, duk akwatin da ya yi tsada suna bin sa.

Abu na farko farashi. In ka ga sabo a leda ana sayarwa rabin kuɗinsa ko ƙasa, kuma mai shagon ya ce yana da guda goma a ajiye, musamman akwatin da aka daɗe da daina bugawa, to ka kama gabanka. Leda ba shaida ba ce, injin naɗe leda ba wuyar samu gare shi ba.

Kada ka yarda da hoton kamfani. Ka ce ya ɗauko maka hoton ainihin akwatin da ke hannunsa, gaba da baya da gefe, da takarda a kusa an rubuta sunanka da kwanan wata. In an riga an buɗe, ya juya faifan ya ɗauki cikin zoben tsakiya da kyau. CD na masana'antar gaskiya yana da lambar shaidar masana'anta mai farawa da IFPI a zoben madubin, da wata ƙarama da aka danna a cikin robar kusa da ramin. Na jabu sau da yawa babu, ko an goge wurin, ko rubutun ya fito a karkace. In bayan faifan yana ɗaukar kore-kore ko shuɗi, wannan a kwamfuta aka ƙona shi, magana ta ƙare. Amma fa ka sani akwai na jabu masu launin azurfa sak, don haka launi kaɗai bai isa ba. Akwatin mono na gaskiya a Jafan aka buga shi, kwalayensa kwaikwayon na faifan garmaho ne na da, masu kauri, an naɗe bakinsu da tsafta. Sababbin akwatunan kuma za ka ga sunan kamfanonin Calderstone da Universal a rubutun haƙƙin mallaka a baya, ka karanta rubutun a hankali, kuskuren harafi ɗaya ya ishe ka shaida.

Littafin shi ne yake tona musu asiri fiye da komai, shi ya sa ni yanzu shi nake fara dubawa kafin faifai. Kwafar waƙa sauƙi gare ta, amma buga littafi mai shafi 164 da ɗinki mai ƙarfi da baƙi mai zurfi a hotuna yana cin kuɗi, to a nan suke rage zafi. Ka ce a buɗe maka tsakiya ka ga ko ɗinki ne ko gam, ka duba ko fuskokin sun yi ja ko sun yi toka-toka, ka tambayi nauyin akwatin a sikeli ka gwada da na wani shagon da ka amince da shi. Blu-ray ɗin ma akwai gwaji mai sauƙi, in ka saka shi a na'urar DVD ta yau da kullum ya kama yana yi, to ba Blu-ray ba ne.

Wajen biya kuma, kada ka tura kuɗi kai tsaye asusun mutum don ya ce zai rage maka, ka bi hanyar da za ka iya neman a mayar maka da kuɗinka. Ranar da kaya suka iso ka kunna bidiyo tun kafin ka yanka kwalin, kada ka tsayar har ka fito da kowane faifai. In kana da ɗan uwa ko aboki a Landan ko wani gari da ake da shagunan faifai, ya fi maka ya shiga da ƙafarsa ya duba, ko da na hannu ne, ya karɓo rasit ya riƙo maka a jakarsa in zai zo gida. Ka kuma roƙe shi ya naɗe kusurwoyin da kyau, farin kwalin White Album ba ya ɓoye datti ko lanƙwasa ko kaɗan.