Sabon zubin labarin yaƙin Damagaram da ake turawa a waya

Masu tura waƙoƙi a kasuwar Dole ta Damagaram suna sayar da wani labarin sauti da wani mai sha'awar tarihi ya sake tsarawa daga tsofaffin labaran mayaƙan Damagaram. Muryar mai karatun tana da daɗi, kuma an saka kiɗan algaita da tambari inda ya dace, amma yadda marubucin ya ɗauki yaƙi ya ba ni takaici.

Ya mayar da Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, tsohon garin Damagaram, kuma aka ƙera igwa a zamaninsa, mutumin da ba ya da aiki sai kai hari, alhali arzikin masarautar ya dogara ƙwarai ga fatauci da Agadas da Kano. Duk wanda ba Badamagare ba an nuna shi matsoraci ko maci amana, kuma ba a ce uffan kan bayin da ake kamowa daga ƙauyuka ba. Har kashe Kyaftin Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a 1898 an ba da shi kamar nasarar ƙarshe, aka tsallake kashin da Damagarawa suka sha a hannun sojojin Faransa a Tirmini a 1899. Ga masu son kirari ya isa, amma ban ba ɗalibai shawarar su dogara da shi ba.