Fedar Ƙafa Don Na'urar Kwalliyar Sauti: Wacce Za Ka Saya?

Mai kaɗa jita hannuwansa biyu duk suna kan aiki, idan yana son kunna eko (wato amsa-kuwwar sauti) a tsakiyar waƙa sai dai ƙafa ta yi. Amma kafin ka zaro kuɗi, juya na'urarka ta kwalliyar sauti, wato akwatin da ke ƙara wa sautin jita eko da makamantansa, ka dubi bayanta. Ramukan da ke wurin su ne za su gaya maka irin fedar da za ta karɓa, kyan feda a hoto ba ya shiga lissafi.

Mafi sauƙi shi ne makunnin takawa, kuma iri biyu ne. Ɗaya kamar ƙararrawar ƙofa yake, muddin ƙafarka na kai yana aiki, kana ɗagawa ya saki. Ɗayan kamar makunnin fitila, ka taka ya zauna har sai ka sake takawa. A wajen kamfanin Boss, FS-5U ne na farko, FS-5L na biyu, FS-6 kuwa makunni biyu ne a haɗe, kowanne ka juya shi yadda kake so. Galibin na'urorin dijital na farkon suke buƙata, musamman idan da ƙafa za ka riƙa buga saurin eko ya yi daidai da ganga. Ka sa musu na biyun, sai ka ga sai an taka sau biyu kafin abu ya motsa.

Sai feda mai lilo, irin totur ɗin mota. Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Sauti ba ya bi ta cikinta, labarin inda ƙafarka take kawai take kai wa na'ura, ita kuma ta ƙara ko ta rage abin da ka ɗora mata. Filoginta mai zobe biyu baƙaƙe ne, kauri milimita 6.35, amma yadda aka haɗa wayoyin ciki ya bambanta: Roland EV-5 da Yamaha FC7 filogi iri ɗaya, haɗi daban. Idan ba su dace da na'urarka ba, za ka danna tun daga diddige shiru kake ji, sai dab da ƙarshe sautin ya yi tsalle gaba ɗaya. Shi ya sa nake son masu ɗan makunnin juya haɗi a ƙasa, irin M-Audio EX-P. Kada kuma ka rikita ta da fedar ƙarar sauti, kama suke kamar an tsaga kara, amma ita fedar ƙarar sauti wayar jita ce ke ratsa ta.

Wanda ke canja sauti goma a wasa ɗaya, fedar MIDI ce tasa, wato mai aika wa na'ura umarni ta tsarin da na'urorin kiɗa ke magana da juna. Tsarin ya fito tun 1983, filogi mai allura 5, tashoshi 16, kowane umarni daga 0 zuwa 127. Taku ɗaya zai iya canja sauti, ya kashe eko, ya kuma taɓa wata na'urar ta biyu. Behringer FCB1010 na da makunnai goma da fedar lilo biyu, sai dai faɗi da nauyi, kuma saita ta na son haƙuri. Morningstar MC6 ƙarama ce, makunnai shida da allo mai nuna sunan kowanne, a kwamfuta ake saita ta, amma fedar lilo daban za ka saya ka jona. Idan ramin USB kaɗai na'urarka ke da shi, wayar allura 5 ba ta da wurin shiga, sai da akwatin da zai haɗa su.

In eko kawai kake kunnawa da kashewa, makunni ɗaya ya ishe ka. Ko wacce ka zaɓa, gwada ta da takalmin da kake hawa dandamali da shi, don makunnan da suka matsu da juna ƙaton takalmi biyu-biyu yake taka su.