Akwatin binciken Google ko Elasticsearch: wanne ya dace da osTicket ɗinku?

Ɗan'uwa, ka ce a ofishinku na sayar da kayan sola kuna karɓar ƙorafin kwastomomi ta osTicket, manhajar da ke ajiye kowane ƙorafi a matsayin tikiti, binciken da ya zo da manhajar bai gamsar da ku ba, kuma wasu sun ba ka shawarar ka ɗora na Google, wasu sun ce Elasticsearch. Amsar tana hannun abin da kake son a nemo. Kaya iri biyu ne a cikin manhajar nan: shafukan amsoshi da kowa ke iya buɗewa, da kuma tikitocin da sai ma'aikaci ya shiga da kalmar sirri kafin ya gan su. Kowane injin akwai wanda yake iya kaiwa gare shi.

Na Google shi ne Programmable Search Engine. Tun 2006 yake, a da sunansa Custom Search Engine, aka sauya a 2020. Haɗa shi ba ya kai zaman shan shayi ɗaya. Ka shiga da asusunka na Google, ka rubuta adiresoshin da kake so ya tsaya a kansu, misali shafinku da shafukan kamfanonin da ke ƙera inbata da batir ɗin da kuke sayarwa. Sai a ba ka wata lamba da ake kira cx tare da 'yan layuka biyu, ka liƙa su a fayil ɗin saman shafin kwastomomi, cikin include/client. Ka ajiye kwafin wannan gyaran a wani wuri, domin ranar da ka sabunta osTicket sabon fayil zai hau kan naka, akwatin ya ɓace.

Inda yake da amfani sosai shi ne wurin ma'aikacin da ke kan waya da kwastoma. An ce masa inbata ta nuna wata lambar matsala tana ƙara, ya buga lambar, sakamakon ya fito daga littafin kamfanin da ya ƙera ta kaɗai, ba tarkacen intanet ba.

Amma Google ba ya ganin komai sai abin da Googlebot, manhajar Google mai yawo tana tattara shafuka, ya iya shiga ya karanta. Tikitocinku suna bayan ƙofa, don haka ko da kun tara dubu ɗari, ɗaya ba zai fito ba. Kuma haka ya kamata. In har suka fito, to asirin kwastomominku ne ya tonu. Sabon shafin amsa da ka wallafa yau ma sai Google ya ga damar leƙowa kafin ya bayyana. Na kyautan yana ɗauke da talla, kana iya ganin tallar abokin hamayyarka zaune a saman sakamakon da ke shafinka. Makarantu, hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba su ne ake bari su kashe tallar ba tare da biya ba. Sannan duk abin da aka buga a akwatin yana tafiya sabar Google. Ma'aikaci kuwa, da ya ga akwatin bincike, lambar wayar kwastoma zai fara zubawa. Tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanai ta Najeriya a 2023, wannan ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma matsalar zaman haya. Google ta daina sayar da Site Search, binciken shafi na kuɗi, a 2017, ta rufe shi a 2018. Microsoft ta janye Bing Search API, hanyar da manhajoji ke amfani da bincikenta na Bing, a watan Agustan 2025. Waɗanda suka gina a kansu sai da suka sake lale.

Elasticsearch wani abu ne daban. Shay Banon ya fitar da shi a 2010, injin bincike ne da aka rubuta da Java, kuma a sabarka yake zama. Ba ya yawo neman shafuka. Abin da ka zuba masa shi yake da shi. Tunda osTicket a rumbun bayanai na MySQL take ajiye komai, dole wani ya rubuta 'yar manhajar da za ta riƙa kwasar tikitoci tana kai masa, ta gyara in an gyara, ta goge in an goge. Nan ne aikin yake, ba wurin girkawa ba. Kuma sai an koya masa wa zai ga me: osTicket tana raba tikitoci bisa sashe, in ba ka ɗauko wannan tsarin ba, yaron da ke sashen girka fanel zai riƙa karanta rigimar bashin da ke sashen kuɗi. Yana cin RAM sosai, ƙaramar sabar da ke ɗauke da osTicket cikin sauƙi za ta soma numfarfashi. Ƙofarsa ta 9200 kuma kada a kuskura a bar ta a buɗe ga intanet.

Abin da kake samu a madadin wannan wahala yana da yawa. Tikitin da ya shigo yanzu ana iya nemo shi cikin daƙiƙu. Bayanai ba sa barin gida. Yana jure kuskuren rubutu in ka kunna masa. Ga kuma abin da ya fi shafarmu: kwastoma ɗaya zai rubuta “kuɗi”, goma su rubuta “kudi”. Akwai tacewa mai suna asciifolding da ke mayar da ƙ, ɗ da ɓ zuwa k, d da b a lokacin ajiya da lokacin nema, sai duka biyun su fito tare. A akwatin Google ba ka da wannan ikon. 

Ni dai a ganina, in kwastomomi kake son su taimaki kansu kafin su buɗe tikiti, ɗora na Google a shafin waje, ka ja wa ma'aikata kunne kan abin da suke bugawa. In tsoffin tikitoci ne damuwar, kuma kuna da mai kula da saba na dindindin, Elasticsearch ne. Wanda bai riga ya zurfafa a osTicket ba ma yana iya duba Zammad, wata manhajar tikiti irinta wadda aka fara a Jamus a 2016, ita tun asali an ɗinke ta da Elasticsearch.

Sai dai kafin ka kashe ko kwabo, duba wani abu. Binciken osTicket ya dogara da na MySQL, shi kuma bisa tsarin da yake zuwa da shi ba ya lissafa kalmar da ba ta kai harafi 3 ba a teburin bayanai irin na InnoDB, ko 4 a irin na MyISAM. Ku kuwa rabin maganarku AC ce da DC da PV. Rage innodb_ft_min_token_size ko ft_min_word_len zuwa 2, gwargwadon wanda teburinku ke amfani da shi, ka kashe MySQL ka kunna, ka sake gina fihirisar, sannan ka gwada neman “DC” tare da wata kalma ka gaya mana abin da ya fito.